Kyamarar zugazugi marar nauyi don ɗaukar bidiyo: wacce zan saya?

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema kafin in zuba kuɗi in dawo ina cizon yatsa. Shekara uku ke nan ina ɗaukar gajerun bidiyo na masu sana'ar hannu: marina, dukawa, maƙera, maɗinkan hula. Da Sony a7 III nake aiki. Kwanaki na ga hoton wani dattijo da aka ɗauka da kyamarar nan ta da, mai zugazugi, mai cin fim inci 4 da 5. Idonsa da gemunsa tar, kunnensa ya fara narkewa, bangon bayansa kamar hayaƙi, amma duk da haka ana ganin ɗakin da yake zaune, ba a matse shi ba kamar yadda dogon lensi ke yi. Tun ranar raina bai kwanta ba. Wannan kamannin nake so a bidiyo.

A babur nake yawo, ina kutsa lunguna, don haka nauyi shi ne babbar damuwata. Uku nake dubawa: Intrepid da ake ƙerawa a Ingila, Chamonix 45F-2 ta Sin, ko tsohuwar Crown Graphic ta Amurka. Na ga akwai adaftar Fotodiox da ake maƙala Sony a bayansu. Wacce za ku ce in ɗauka?

Injiniyan Lantarki:
Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga wacce, akwai lissafin da ya kamata ka gani, domin shi zai sauya tambayar taka gaba ɗaya. Hoton da ke sauka a fim ɗin 4 da 5 ya kai wajen milimita 96 da 120. Sensar Sony ɗinka, wato ɗan allon da ke kama hoto a madadin fim, milimita 36 da 24 ce. Idan ka maƙala ta a baya da adafta, kashi ɗaya cikin 13 kawai na hoton take kamawa, ɗan tsakiyar nan, sauran ya zube a banza cikin zugazugi. Lensi mai milimita 150, wanda a kan fim ɗin yake gani daidai da idon mutum, a kan sensarka dogon lensi ne na 150, ba ƙari ba ragi. Wato matsewar nan da kake gudu ita za ka samu. Ɗakin dattijon ba zai shigo ba.

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Ikon Allah. To me ake sayen adaftar dominsa ke nan, Injiniya?

Injiniyan Lantarki:
Domin motsin allunan. Kyamarar zugazugi allo biyu gare ta, na gaba mai riƙe lensi, na baya mai riƙe fim, kowanne, gwargwadon irin kyamarar, yana iya karkata ko ya goce sama, ƙasa ko gefe. Masu ɗaukar hoton kayan talla da gine-gine wannan suke bi, ba faɗin fim ba. Abu biyu ne daban: girman fili, da kuma motsi. Kai wanne kake so?

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Gaskiya duka biyun. Amma wanda ya hana ni barci girman filin ne.

Baba Mai Hoto:
Sannunku da muhawara, yarana. Ni a ƙarƙashin baƙin mayafi na koyi hoto, lokacin da ake dasa akwatin katako a bakin kasuwa mutum ya zauna a benci a ɗauke shi. Ɗana, hoton nan da kake nema ai yana nan a motse tun kafin a saka fim. Idan ka buɗe lensi ka shiga mayafi, a kan gogaggen gilashin baya, wanda aka kankare fuskarsa don hoto ya sauka a kai, za ka ga mutum yana numfashi, yana ƙifta ido, da launinsa da komai, sai dai kansa a ƙasa ƙafarsa a sama. Mu da ido muke kallonsa. Kai sai ka dasa Sony ɗinka a bayan gilashin ta kalla maka. Ba maƙala ta za ka yi a madadin gilashin ba, gilashin shi kansa za ka ɗauka.

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ana yin haka kuwa?

Hajiya Mai Tace Bidiyo:
Ana yi, kuma ba sabon abu ba ne. Kafin Canon 5D Mark II ta fito a 2008, masu ƙananan kyamarorin kaset da wannan dabarar suke samun dishi-dishin baya. Akwai Letus, da Redrock M2, da Mini35 na P+S Technik: lensin hoto yana jefa hoto kan ɗan gogaggen gilashi, kyamarar bidiyo tana ɗaukar gilashin. Amma ka lura da abu ɗaya, ƙanena. Duk waɗannan akwai ɗan inji a ciki mai girgiza gilashin ko juya shi. Ba don ado suka sa ba. Gilashin da ke tsaye cak, ƙwayoyin gugar da ke jikinsa suna fitowa a bidiyo. Muddin kyamara na tsaye ba ka cika lura ba, amma da ka juya ta gefe sai duniya ta motsa, ƙwayoyin su tsaya wuri ɗaya, kamar kana leƙe ta tagar motar da ta sha ƙura. An taɓa kawo min irin wannan aikin in gyara, na kwana biyu a kansa, abin da na iya ragewa kaɗan ne.

Injiniyan Lantarki:
Haka ne Hajiya, sai dai a nan girman gilashin yana taimakonsa. Waɗancan gilashinsu bai wuce girman fim ɗin milimita 35 ba. Na 4 da 5 ya ninka shi sau uku da rabi a tsawo, don haka ƙwayoyin sun ƙanƙance sau uku da rabi a cikin hoton. Suna nan, amma da sauƙi.

Mai Haske a Lokeshan:
Ku yi haƙuri, ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Injiniya, ƙarasa lissafin naka mana. Lensi 150 a buɗin 5.6 (lambar ƙofar haske ce, ƙaramar lamba babbar ƙofa) kan fim ɗin 4 da 5, in ka raba da uku da rabi, ya zama wajen 43 a buɗin 1.6 kan Sony ɗinsa. Lensi 40 ko 50 mai buɗin 1.4 yana nan a kasuwa, ya shiga aljihun jaka, yana saita kansa, ba mayafi ba zugazugi. Zurfin kaifin, wato iyakar abin da zai fito tar, ɗaya ne. In kuma karkatawa yake so, ga lensi masu karkata da kansu, Canon TS-E da na Samyang mai 24. Mu da muke aiki da darakta a tsaye a kanmu yana duba agogo, wa zai jira ka kana murɗa katako?

Sannan a daina rikita suna. Abin da 'yan sinima ke kira babban fili, irin kyamarar Alexa LF, sensarsa da ƙyar ta ɗara ta Sony ɗinsa. Ko Alexa 65 faɗinta milimita 54 ne. Manyan finafinan duniya da wannan ake yin su, babu wanda ya ce bai ishe shi ba.

Injiniyan Lantarki:
Lissafinka daidai ne, ban musa ba. Inda muka rabu shi ne nan: lensi mai 1.4 idan ka wangale shi yana kan iyakar ƙarfinsa, gefe ya yi laushi, launi ya ɗan zubo a bakin abu mai haske. Shi kuwa lensin 4 da 5 irin Nikkor-W ko Symmar-S mai 150 a 5.6 bai ko yi gumi ba. Kuma in mutum ya samu lensin da ya fi haka buɗewa, lissafin ya wuce inda za ka bi shi. Kodak Aero Ektar, wanda aka yi don ɗaukar hoto daga jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, 178 ne a buɗin 2.5. A kan 4 da 5 daidai yake da 50 a buɗin 0.7. Wannan ba ya cikin jakar kowa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Aero Ektar ɗin nan kada ya shiga lissafin mai neman rashin nauyi. Shi kaɗai ya fi Intrepid ɗin nauyi, ba shi da shata, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe lokacin ɗauka, kuma allon gaban ƙaramar kyamarar katako ba zai ɗauke shi ba sai da tokari. A kan kyamarar Speed Graphic aka saba ɗora shi.

Ni ina da Sinar F, ta Suwizalan, mai tafiya a kan sanda ɗaya, na saye ta ta hannu. Hanyar adafta nake bi, kayan fata da na azurfa nake ɗauka don masu sayarwa a intanet. Abin da zan gaya maka, aboki, na gani da idona. Kafin Sinar na aro wata mai naɗewa ta katako, marar nauyi, na rataya kyamarata a bayanta. Allon bayan an yi shi ne don kaset ɗin fim, abu shafal. Da na ɗora masa kyamara da batir da waya, sai ya riƙa sunkuyawa a hankali. Ka saita kaifi a kan zobe, ka danna ɗauka, kafin minti ɗaya kaifin ya sauka kan tabarma. A hoto tsayayye wannan ba komai ba ne, ƙiftawar ido ce an gama. A bidiyo kuwa kowace rawa tana rubuce. Ga iska: zugazugi in ya miƙe tamkar filafilan jirgin ruwa yake, hunturu na kaɗawa hoton na kyarma.

Don haka ni a wurina rashin nauyin da kake nema shi ne abokin gabarka. Sinar ɗina ta haura kilo uku, amma inda na ajiye ta nan take.

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Yanzu kam kun raba min hankali biyu. Mai Haske, na ji maganarka kuma ina da 50 mai 1.4, da shi nake aiki kullum. Ba darakta a kaina, ni da dattawan nan ne, in na ce su ba ni minti goma sai su ci gaba da aikinsu har in shirya. Abin da nake so in gwada ya wuce dishi-dishi. Misali a marinar Kofar Mata, ramukan nan a jere suke a ƙasa, daga gabanka har can ciki. Ina so bakin kowane rami ya fito tar tun daga na kusa har na nesa, amma abin da ya yi sama da su ya narke. Lensina ba ya yin haka ko na roƙe shi.

Baba Mai Hoto:
Wannan aikin karkata allon gaba ne. Ka sunkuyar da lensi kaɗan, kamar mai gaida surukai, sai kaifi ya bar tsayuwa ya kwanta a ƙasa. Kaɗan fa. Yara sukan karkata da yawa su ɓata.

Injiniyan Lantarki:
Abin da Baba ya faɗa shi ake kira ƙa'idar Scheimpflug, sunan wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. In ka ja layi daga fuskar gilashin baya, ka ja wani daga fuskar lensi, inda suka haɗu nan shimfiɗar kaifi za ta ratsa. Ga misali da ramukan naka: lensi 150, kyamara a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, karkatawar da kake buƙata ba ta kai digiri shida ba. Kowace cikin ukun da ka lissafa lensinta zai motsa, amma Crown Graphic baya take karkata kai tsaye, in kana son gaba sai ka sauke gadonta ka yi dabara. Ga shi ta haura kilo biyu. Ni da zan cire ta.

Ɗan Damagaram:
In dai motsin ne kawai, akwai wadda aka ƙera musamman don kyamarori marasa madubi: Cambo Actus, ta Holan, wajen kilo ɗaya. Karkatawarta da abin murɗawa mai haƙori ne, kana iya murɗawa a hankali ana cikin ɗauka kaifi ya yi tafiya daga hannun maƙeri zuwa fuskarsa. A Intrepid da Chamonix sai ka kwance, ka tura da hannu, ka ɗaure, ba a yin wannan ana ɗauka. Kuma da yake sensar Sony milimita 18 kawai take daga bakin kyamara, ba kamar tsofaffin Canon masu 44 ba, Actus na karɓar gajerun lensi, har da na Mamiya da Pentax 645 da na injin wanke hoto. Sai dai tsada, kuma girman filin nan ba za ka same shi ba.

Hajiya Mai Tace Bidiyo:
To ai kun warware masa ba ku sani ba. Matsalar da Ɗan Damagaram ya gani ta rataya nauyi a allon baya ce. A hanyar Baba babu abin da ke rataye a wurin, gilashi ne kawai, abin da aka yi allon dominsa. Sony tana zaune da gindinta a baya. Ke nan a wannan hanyar kyamarar katako marar nauyi ta wadatar, sharaɗin kawai su biyun su zauna a kan abu ɗaya mai ƙarfi da ba ya lanƙwasa, don kada ɗaya ta motsa ta bar ɗaya. Nauyin bai ɓace ba, ƙanena, ya koma kan sandar da ƙafar kyamara ne. Ka shirya wa wannan.

Kafintan Unguwa:
Nan kuma fagena ne. Kada ka yi shimfiɗar da katako, damina zai sha ruwa ya kumbura, rani ya bushe ya murɗe. Ka je wajen masu tagar alminiyam su yanko maka murabba'in bututu mai kauri, tsawon kamu uku ko ƙasa da haka, a huda shi a jere don ka riƙa matsar da Sony gaba da baya. Tsakanin gilashin da lensin Sony kuma a yi rumfa da baƙin kwali ko baƙin yadi mai kauri, a bi cikinta da abin da ba ya sheƙi. Ko ɗigon haske ya shiga, hoton zai yi fari-fari.

Game da kyamarorin biyu: Intrepid fale-falen katako ne da alminiyam, Chamonix katako ne da zaren kabon. Na taɓa riƙe Chamonix, haɗinta ya fi matsewa, in ka ɗaure ta ɗauru. Bambancin nauyinsu bai kai rabin kilo ba.

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Na gode Malam Kafinta. Saura gilashin. Wanda ke zuwa da kyamarar zai yi?

Hajiya Mai Tace Bidiyo:
Ba zai yi ba. Yawancinsu da layukan murabba'i a zane a jiki, wasu an yanke musu kusurwa, duk za su fito. Fili kake so, marar zane, mai laushin guga. Abu na biyu shi ne hasken tsakiya: tsakiyar gilashin ya yi fau, gefuna su yi duhu. Ana rage shi da faifan Fresnel, wani siririn lensi mai zobba-zobba da ke daidaita haske, amma shi ma zobbansa kan fito in kaifin Sony ya kama su. Abin da ya fi taimakawa shi ne ka ja Sony baya ka yi amfani da lensi mai ɗan tsawo mai ɗaukar abu kusa, maimakon ka manna gajere a jikin gilashin. Kuma kada ka tsuke lensin gaba. Da ka wuce 8 gefuna za su mutu, ƙwayoyi su fito ɓaro-ɓaro. Bar shi a wangale, ka sarrafa haske daga Sony. Juyewar hoton kuwa ba komai ba ce, digiri 180 ne a wajen tacewa, ko ka juya allon kallonka. In za ka ɗauka a ƙarƙashin wutar NEPA ka tsaya a firam 25 da shata 1/50, don wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, in ba haka ba hasken zai riƙa ƙiftawa.

Baba Mai Hoto:
Akwai wani gilashi da ake kira Bosscreen, kakin kyandir ne siriri tsakanin gilashi biyu. Ba shi da ƙwaya ko kaɗan, za a yaba maka shi. Kada ka saya. An yi shi ne don ƙasar da ba ta san watan Afrilunmu ba, zafi na ɓata kakin. Gara ka goga naka. Gilashin firam guda biyu, garin guga mai lamba 600, ɗan ruwa, ka yi ta zagayawa da hannu kamar mai niƙa a dutse. Ka wanke, ka ɗaga wa haske, inda ya rage sheƙi ka koma. In ka samu garin da ya fi laushi ka ƙarasa da shi. Fuskar da ka goga ita ke kallon lensi, kada ka juya ta.

Kuma shatar da ke jikin lensin, Copal, tana da ɗan hannu na buɗewa don saiti. Shi za ka tura ka bar shi a buɗe. Ke nan ko shatar ta gaji ba ta cika lokaci, kai ba ruwanka. Irin waɗannan lensin da masu fim ke gudu sun fi araha, su za ka nema. Ka dai haska tocila a ciki ka duba ba furfurar danshi.

Mai Haske a Lokeshan:
Har yanzu ina kan bakana cewa wahalar ta fi ribar, ga hasken da gilashin zai cinye, a cikin ɗakin maƙeri sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, sosai ko ka kawo fitila. Amma tun da ba agogo a kanka, ga shawara ɗaya: kada ka sayi kyamara tukuna. Sayi lensin kawai da allonsa. Ka samu kwali biyu da ɗaya ke shiga cikin ɗaya, lensi a gaba, gilashin Baba a baya. In abin da ka gani ya kai abin da ke ranka, sai ka yi oda. In bai kai ba, ka sayar da lensin ka huta.

Ɗan Damagaram:
Wannan shawara ce. Ka nemi allon lensi irin na Linhof Technika, shi Intrepid da Chamonix duka suke karɓa, ba sai ka sake saye ba. Wata riba ta hanyar Baba da ban faɗa ba: sensarka a rufe take. Ni da adafta, duk ƙurar da zugazugi ya shaƙa a hunturu kan sensata take sauka.

Mai Bidiyon Sana'o'i:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku. Na samu Fujinon W mai 150, shatarsa na makalewa a ƙananan gudu, don haka aka sakar min shi da sauƙi. Gilashi huɗu na goga, biyu suka fashe a hannuna, na uku ya yi tabo, na huɗu ya yi kyau. Na haɗa kwalin kamar yadda Mai Haske ya ce, na ɗora a kan bututun Malam Kafinta.

Maɗinkin hular da ke ƙofar gidanmu na fara ɗauka, da hantsi, yana zaune a bakin zaure. Allurar da yatsunsa biyu sun fito har ana ƙirga zaren, hular da ke kan gwiwarsa ta fara laushi, ga zauren nan duka a bayansa, da buta da tabarma da yaron da ke leƙowa, kowanne a narke amma ka san ko mene ne. Da na nuna masa a waya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tura wa 'yarsa.

Matsalolin da kuka faɗa duk na gan su. Gefuna da duhu, musamman kusurwar hagu ta sama, ina zargin rumfar ce ta karkace. Ƙwayoyin suna fitowa a farin bango, a kan fata da yadi kuwa ba a lura. Da na gwada juya kyamara gefe na ga tagar motar da Hajiya ta ce, don haka a tsaye zan riƙa ɗauka. A cikin ɗaki haske bai isa ba sai da fitila.

Na tsayar da shawara a kan Chamonix, saboda ɗaurinta, ko da zan ƙara wata biyu ina tari. Na auna kayan duka da ƙafar kyamara, za su kai kilo bakwai, ke nan ranar ɗauka a Adaidaita zan tafi, babur ya huta. Baba, tambaya ɗaya ta rage: garin guga mai lamba 1000 zai rage ƙwayoyin, ko zai ƙara min hasken tsakiya ne?

Baba Mai Hoto:
Duka biyun zai yi, ɗana. Ƙwaya ta ragu, tsakiya ya ƙara haske. Goga ɗaya da shi ka ajiye kusa da na 600, ka ɗauki farin bangon nan da kowanne, ka turo mana mu gani.